Majalisa a Lokacin Annoba: Ƙa'idojin Zaman Wakilai Daga Nesa



Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa yau shi ne ƙa'idojin da suka kamata a bi idan annoba ta hana wakilan jama'a haɗuwa a zauren majalisa, har ya zama tilas su yi zamansu daga nesa ta hanyar na'ura. Mai yiwuwa ne wani ya ce, ai annobar korona ta wuce, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta janye matakin gaggawa da ta ɗora a kanta tun watan Mayu na 2023, to, mene ne na tono tsohon zance? Amsarmu ita ce, ba a fafe gora ranar tafiya. Da yawa daga cikin waɗanda ke zaune a ɗakin nan su ne gobe za su zama akawunan majalisu da sakatarorin ma'aikatu da masu tsara dokoki, wasu kuwa su ne za su hau kujerun da kansu. Ran da wata masifa ta sake rufe hanyoyi, a teburinku takardar za ta sauka.

Tun da farko ya kamata mu san abin da ke cikin hatsari. Lokacin annoba lokaci ne da gwamnati ke karɓar iko irin wanda ba ta taɓa riƙewa ba a zaman lafiya. Takan rufe kasuwanni da makarantu da wuraren ibada, ta hana mutum fita daga gidansa, ta ciwo bashi mai yawa cikin gaggawa, ta kashe kuɗi ba tare da an bi dogon tsarin da aka saba ba. Watau a daidai lokacin da aka fi bukatar wanda zai tambayi gwamnati dalili, a lokacin ne kuma taron mutum ɗari uku ko ɗari shida cikin ɗaki guda ya zama hanyar yaɗa cuta. In majalisa ta taru, an sayi rai. In ta watse, an bar masu mulki ba mai ce musu kanzil. Ƙa'idojin zama daga nesa ƙoƙari ne na kuɓuta daga waɗannan ramuka biyu, kuma abin da za mu nuna yau shi ne, wahalar al'amarin ba ta ga na'ura. Tana ga tambayar nan: a hannun wa muryar wakili da ƙuri'arsa za su kasance sa'ad da ba ya cikin zaure?

Domin kada maganarmu ta zama shaci-faɗi, za mu ɗauki misalin Majalisar Wakilai ta Birtaniya, saboda a cikin wata goma sha biyar ta gwada kusan kowace hanya, ta ɗanɗani zaƙinta da ɗacinta. Majalisar nan tana da wakilai 650, amma zaurenta na Landan ba ya ɗaukar fiye da mutum 430 a zaune, saboda haka a ranar babbar muhawara kafaɗa da kafaɗa ake yi. Yadda suke jefa ƙuri'a kuwa da ƙafa ne: masu goyon baya su bi wani lungu, masu ƙi su bi wani, a ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya suna fita. Da wuya a sami tsarin da ya fi wannan dacewa da bukatar cuta mai bin numfashi.

A ranar 23 ga Maris 2020 Firayim Minista Boris Johnson ya ba da sanarwar kulle ƙasa. Ranar 25 ga wata aka sa hannu a babbar dokar korona, majalisa kuma ta tafi hutu kafin lokacinta. Washegari, 26 ga wata, minista ya sa hannu a kan dokokin kullen, suka fara aiki a ranar, alhali kuwa ba wakili ko ɗaya a zaure. Wakilai ba su yi muhawara a kan waɗannan dokoki ba sai ranar 4 ga Mayu, bayan jama'a sun shafe fiye da mako biyar a ƙarƙashinsu. Ku lura da wannan giɓi, jama'a, domin shi ne farashin rashin shiri.

Da majalisa ta dawo ranar 21 ga Afrilu, sai ta amince da wani tsari na gamin gambiza wanda Kakakinta, Lindsay Hoyle, ya tsaya a kansa. Aka yarda mutum 50 kaɗai su zauna a zaure, da tazarar mita biyu tsakaninsu, har mutum 120 kuma su shiga daga gidajensu ta Zoom, ana ganinsu a manyan alluna da aka rataya a zauren. Aka kafa sharaɗi mai kyau, cewa wanda ke zaure da wanda ke gida matsayinsu ɗaya ne, ba wanda zai sami wata dama da ɗan'uwansa bai samu ba. Ranar 12 ga Mayu aka jefa ƙuri'a ta farko daga nesa a tarihin majalisar, kowane wakili da wayarsa ko kwamfutarsa, an ba shi minti 15 ya zaɓi i ko a'a.

Sai dai tsarin bai yi tsawon rai ba, kuma dalilin mutuwarsa shi ne darasinmu na farko. An kafa shi ne da wa'adi, kuma a al'adar majalisar nan gwamnati ce ke riƙe da jadawalin abin da za a tattauna. Saboda haka da wa'adin ya cika ranar 20 ga Mayu, Jagoran Majalisa, Jacob Rees-Mogg, wanda minista ne a gwamnati, bai kawo ƙudurin sabunta shi ba, sai tsarin ya faɗi da kansa. Ranar 2 ga Yuni aka kira wakilai su zo Landan da ƙafafunsu su yanke hukunci a kan ko za a ci gaba da ƙuri'a daga nesa. Suka yi layi mai tsawon kusan kilomita guda, ya fita daga zaure har tsakar gida, ƙuri'a guda ta ci fiye da minti 40. Gwamnati ta yi nasara da ƙuri'a 261 a kan 163. Abin takaici shi ne, tsofaffi da marasa lafiya waɗanda likitoci suka hana fita, watau ainihin mutanen da hukuncin ya shafa, ba su sami ikon jefa ƙuri'a a kansa ba. An yi wa mutum aski a bayan idonsa ke nan.

Adalci ne mu faɗi hujjar Rees-Mogg, domin ba a banza ta tsaya ba. Ya ce muhawara ta allo ba ta da rai, kuma ayyukan dokoki sun taru ba a gama ba. Gaskiya ne cewa wanda ke magana daga gida ba ya iya miƙewa ya katse minista a tsakiyar jawabi, shi ma ba a iya katse shi. Sunayen masu magana tun kafin zama ake jera su, saboda haka minista ya san wanda zai tambaye shi, ya zo da amsarsa a rubuce. Har ila yau, yawancin tawayen da ƙananan wakilai ke yi wa shugabannin jam'iyyarsu a ɗakin shan shayi da lungunan majalisa ake ƙulla shi, wakilan da ke warwatse a gidajensu kuwa sun fi sauƙin juyawa. Duk wannan haka yake. Amma da babu gara ba daɗi, kuma maganin muhawara mai rauni ai ba shi ne a hana wasu wakilai magana ɗungurungum ba.

Abin da ya biyo baya ya tabbatar da haka. Aka yarda wanda ba zai iya zuwa ba ya yi wa ministoci tambaya daga nesa, amma aka hana shi shiga muhawara. A watan Nuwamba na 2020 aka yi muhawara a kan cutar dajin mama, sai ga shi wata wakiliya, Tracey Crouch, wadda a lokacin take jinyar wannan cuta ita kanta, ƙa'ida ta hana ta cewa uffan. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, amma aka rufe bakin mai waƙar. Sai a ƙarshen Disamba aka sake buɗe ƙofar muhawara ga kowa daga nesa.

Ta wajen ƙuri'a kuwa, gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago. Maimakon a maido da ƙuri'a ta na'ura, sai aka faɗaɗa ƙuri'ar saƙo, watau wakili ya wakilta wani ɗan'uwansa ya jefa masa. Tun watan Janairu na 2019 aka soma wannan tsari saboda masu jego, bayan da wata wakiliya, Tulip Siddiq, ta ɗaga ranar haihuwarta a asibiti don ta je ta jefa ƙuri'a. A lokacin annoba aka buɗe shi ga marasa lafiya, daga bisani a watan Nuwamba aka buɗe shi ga kowa, kuma ba a sa iyaka ga yawan saƙon da mutum ɗaya zai riƙe ba. To, wa wakili zai ba saƙonsa in ba bulaliyar jam'iyyarsa ba, wanda kullum yana zaure? Kafin a ankara, a farkon 2021, mataimakin babban bulaliyar gwamnati, Stuart Andrew, yana riƙe da ƙuri'u fiye da 300 shi kaɗai, kuma ƙuri'u kusan 600 na majalisar suna hannun mutanen da ba su kai ashirin ba. A bisa ƙa'ida, wakili yana da ikon umartar mai riƙe da saƙonsa ya jefa saɓanin ra'ayin jam'iyya. Amma ku auna da kanku, mutum nawa ne za su iya aika wa mai ladabtar da su saƙo cewa ya taimaka ya jefa musu ƙuri'ar tawaye? An ba kura ajiyar nama. Haka aka tafi har ranar 22 ga Yuli 2021, sa'ad da dukan waɗannan tsare-tsare na annoba suka ƙare.

Daga wannan labari, tare da ɗan leƙen abin da wasu ƙasashe suka yi, muna ganin akwai ƙa'idoji biyar da duk majalisar da ke son kare kanta ya kamata ta rubuta.

Ta farko, a rubuta tsarin tun ana zaman lafiya, ya zauna cikin dokokin zaman majalisa yana jiran ranarsa, kuma mabuɗinsa kada ya kasance a hannun gwamnati. Kakaki ne ya kamata ya buɗe shi, bayan shawara da shugabannin masu rinjaye da na 'yan hamayya da hukumar lafiya, na ƙayyadadden lokaci, sa'an nan rufe shi ko tsawaita shi ya zama da ƙuri'ar da kowane wakili zai iya jefawa, na zaure da na gida. Ƙasar Barazil ta nuna cewa saurin shiri mai yiwuwa ne: Majalisar Dattawanta ta yi zamanta na farko daga nesa ranar 20 ga Maris 2020, kwana tara kacal bayan da aka bayyana korona a matsayin annobar duniya, kuma a zaman nan ne ta amince da dokar ta-ɓaci. Ba a bar shugaban ƙasa ya yi gaban kansa ba.

Ta biyu, wakilin da ke gida da wanda ke zaure su zama daidai wajen tambaya da muhawara da aikin kwamiti da ƙuri'a. Kujerar majalisa amana ce ta mutanen mazaɓa. Idan aka hana wakili magana don yana da ciwon sukari ko don ya haura shekara saba'in, dubban mutanen da suka zaɓe shi aka toshe wa baki, su kuwa ba su yi laifin kome ba. Cikin wannan daidaito har da kariyar da doka ta ba wakili, cewa ba za a kai shi kotu saboda abin da ya faɗa a majalisa ba. Lalle ne a bayyana a rubuce cewa kariyar tana bin sa har cikin ɗakin da yake magana.

Ta uku, kowa ya jefa ƙuri'arsa da hannunsa. In kuwa dole ta sa a yi ƙuri'ar saƙo, a sa mata linzami. A nan Majalisar Wakilai ta Amurka ta fi ta Birtaniya dabara. Ƙa'idar da ta kafa ranar 15 ga Mayu 2020 ta hana mutum ɗaya riƙe saƙon fiye da mutum goma, ta wajabta wa mai saƙo ya rubuta wa akawun majalisa takarda, ya kuma ba da umarni a kan kowace ƙuri'a, a karanta sunansa da abin da ya zaɓa a bainar jama'a. Duk da haka ba ta tsira daga masu wasa da ita ba, gama a watan Fabrairu na 2021 wasu wakilai sun sa hannu cewa annoba ce ta hana su zuwa, sai aka gan su a wani taron siyasa a jihar Fulorida. An soke tsarin a watan Janairu na 2023. Darasin shi ne a fayyace uzurin da ke halatta zama daga nesa, a kuma tanadi horo ga wanda ya yi ƙarya.

Ta huɗu, a tabbatar da cewa mai ƙuri'ar ne ya jefa ta, a kuma yanke tun da wuri abin da za a yi in an yi kuskure ko waya ta yanke. Majalisar Dattawan Barazil ta sa na'ura ta riƙa ɗaukar hoton sanata a daidai lokacin da ya danna ƙuri'arsa. Game da kuskure kuwa, ƙasar Sifen ta ba duniya misali. Ranar 3 ga Fabrairu 2022 wani wakilin jam'iyyar hamayya, Alberto Casero, yana gida ba shi da lafiya, ya danna i a inda jam'iyyarsa ke cewa a'a. Ya garzaya majalisa don a gyara, shugabar majalisa ta ƙi, dokar ƙwadago ta gwamnati ta wuce da ƙuri'a 175 a kan 174. Yatsa ɗaya ya yanke hukunci a kan ma'aikatan ƙasa baki ɗaya. Ko a yarda da gyara ko a ƙi, abin da ake bukata shi ne a san hukuncin tun kafin a san wanda zai amfana da shi.

Ta biyar, zaman ya kasance a buɗe. A watsa shi ta rediyo da talabijin da intanet, a rubuta kowace kalma a kundin majalisa, a buga sunan kowane wakili da yadda ya jefa ƙuri'arsa. Majalisar da ta koma cikin na'ura ba tare da idon jama'a ba ta zama taron sirri.

To, jama'a, ina wannan magana ta shafe mu a nan gida? An sami mai korona na farko a Nijeriya ranar 27 ga Fabrairu 2020. Ranar 24 ga Maris Majalisar Tarayya ta dakatar da zamanta, ba ta sake haɗuwa ba sai 28 ga Afrilu. A tsakanin nan ne, ranar 30 ga Maris, aka kulle Legas da Abuja, Ogun kuma ta biyo baya, kuma dokar da Shugaba Muhammadu Buhari ya dogara da ita ita ce dokar killace masu cuta ta 1926, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari. Majalisar zartarwa ta tarayya kuwa ta koma yin taronta ta na'ura a watan Mayu. Ashe giɓin da muka gani a Landan mu ma mun gan shi: hannun da ke zartarwa yana aiki, idon da ke sa masa lura yana rufe har mako biyar.

Tsarin mulkinmu na 1999 ya ƙunshi abubuwan da duk mai son rubuta irin waɗannan ƙa'idoji zai fara dubawa. Sashe na 60 ya ba kowace majalisa ikon tsara yadda za ta gudanar da zamanta. Sashe na 54 ya ce zama ba ya ƙulluwa sai da kashi ɗaya cikin uku na wakilai, watau sanatoci 37 cikin 109, ko wakilai 120 cikin 360. Sashe na 56 ya ce ana yanke hukunci ne da rinjayen waɗanda suka halarta suka kuma jefa ƙuri'a. Sashe na 63 ya wajabta zama na aƙalla kwana 181 a shekara. Amma tsarin mulkin bai fassara abin da ake nufi da halarta ba, domin waɗanda suka rubuta shi ba su yi zaton ranar da mutum zai halarci taro yana zaune a ɗakinsa ba. Shin wanda fuskarsa ke kan allo ya halarta? Shin ranar da aka yi zama ta na'ura tana cikin kwana 181? Kada a ɗauki wannan da wasa. A Amurka, a watan Fabrairu na 2024, wani alƙalin tarayya a jihar Teksas ya yanke hukunci cewa an zartar da wata babbar dokar kasafin kuɗi ta ƙarshen 2022 ba tare da cikar adadi ba, saboda an ƙidaya masu ƙuri'ar saƙo cikin mahalarta, har sai da aka ɗaukaka ƙara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma dokar da aka yi cikin shakka takan zama abincin lauyoyi shekara da shekaru.

Daɗin daɗawa, muna da namu matsaloli da Bature bai sha fama da su ba. Wakilin da ke mazaɓarsa a ƙauyen da wutar lantarki ke zuwa jefi-jefi, layin waya kuma sai an hau tudu, ba zai yi daidai da wanda ke zaune a Abuja ba. In ba a yi hattara ba, zama daga nesa zai zama wata sabuwar hanyar danne muryar karkara. Saboda haka ƙa'ida ta gari a ƙasarmu tilas ta tanadi wuri a kowace jiha, mai wuta da layi tabbatacce, inda wakili zai je ya shiga zama, ta kuma ce in layin wakilai da dama ya yanke a tsakiyar ƙuri'a, a dakata har su dawo. Sa'an nan al'adarmu ta ƙuri'ar murya, inda ake cewa masu i su ce i, shugaba ya buga guduma ya ce sun yi rinjaye, ba ta da wurin zama a na'ura, domin wanda ke riƙe da maɓallin rufe murya shi zai zaɓi wanda za a ji. Dole a koma ga kiran suna ɗaya ɗaya. Kuma duk abin da muka faɗa game da Majalisar Tarayya ya hau kan majalisun jihohi 36, inda gwamna ya fi kusa, idon 'yan jarida kuma ya fi nisa.

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, ba muna kira ne a mai da majalisa taron waya na dindindin ba. Haɗuwa ido da ido ita ce asali, kuma da zarar hatsari ya kau, lalle ne wakilai su koma kujerunsu. Abin da muke kira gare shi shi ne a tanadi hanya ta biyu, a rubuta ta dalla-dalla, a riƙa gwada ta ko da sau ɗaya a shekara, yadda ake gwada motar kashe gobara. Masu karatun shari'a a cikinmu su ɗauki kalmar nan ta halarta su yi bincike a kanta. Masu karatun kwamfuta su duba yadda za a tabbatar da mai ƙuri'a a inda layi ba shi da ƙarfi. Mu duka kuwa mu nemi dokokin zaman majalisar jiharmu mu karanta, mu rubuta wa wakilanmu mu tambaye su abin da suka tanada. Ƙungiyarmu ma tana da majalisar wakilan ɗalibai, kuma a 2020 watanni muka yi makarantu suna rufe. Ba laifi mu fara gyaran daga kundinmu.

 Allah ya kiyashe mu da sake ganin annoba, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana.